Kafin ka sauke kaya, san mai masaukinka

Yau ina so mu yi magana a kan wata sabuwar haya da ta shigo ƙasarmu, wato hayar wuri a intanet. Wataƙila wani ya ce: mu da muke fama da baƙi da wasali, ina ruwanmu da wannan? To, da ruwanmu ƙwarai. A bana kaɗai, sau uku ana kawo mini wannan magana a ajin da nake koyarwa. Masu albasa sun kawo ta. Mata masu ƙuli-ƙuli sun kawo ta. Wani baduku ma ya kawo ta. Kowannensu an ce masa ya buɗe kanti a intanet, don mutanen Yamai da na Abijan su ga kayansa cikin salularsu. Kuma kowannensu an nemi ya biya kuɗi. Kuɗin ƙungiya kuwa gumin mutane ne, bai kamata a fid da shi cikin duhu ba.

A makarantar horon malamai an koya mana mu fara da abin da ɗalibi ya sani, sannan mu kai shi ga abin da bai sani ba. Don haka bari mu fara da fatauci.

Kakanninmu fatake ne. Sun bi hanyar Kano, sun bi hanyar Gwanja neman goro. In falke ya isa baƙon gari, ba ya zube kayansa a bakin hanya. Sai ya nemi mai masauki. Mai masauki shi ke ba shi ɗaki, shi ke tsare masa kaya, shi ke kawo masa masu saye, sannan ya karɓi la'adarsa. Har yau haka masu kai albasar Galmi Gana ko Kwaddibuwa suke yi. Falke mai hankali ba ya sauka gidan mutumin da ya fara tarbarsa a tasha don kawai ya yi masa fara'a. Sai ya tambayi waɗanda suka riga shi zuwa: Mutumin nan yana da amana? Ɗakinsa yana yoyo? In na so tashi, zai bar ni in tafi da kayana?

Waɗannan tambayoyi su ne na intanet. Ba su canza ba.

Ina shafi yake kwana?

Shafin da kuke gani cikin salula ba a iska yake zaune ba. Yana cikin wata kwamfuta, a wani ɗaki, a wani gari. Hotunan kayanku da farashinsu da lambar wayarku duk suna ajiye a cikinta. In mai saye ya rubuta adireshinku, salularsa ta aika saƙo zuwa wannan kwamfuta, ita kuma ta aiko masa da shafin. In kwamfutar ta mutu, kanti ya rufe.

Tun farko haka abin yake. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago tsarin shafuka a 1989, yana aiki a wata cibiyar bincike kusa da birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. A 1991 ya buɗe shafin farko ga duniya. Shafin nan cikin kwamfuta guda yake, a wurin aikinsa. Har takarda ya manna mata, yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta.

Mu ba za mu iya ajiye irin wannan kwamfuta a ƙauye ba. Tana son wuta dare da rana, tana son sanyi, tana son layin intanet da ba ya yankewa, tana son mai gadi. Shi ya sa aka sami kamfanoni masu manyan ɗakuna cike da kwamfutoci, suna ba da haya. Irin wannan kamfani shi nake kira mai masauki. A takardar Faransanci, kalmar da za ku gani ita ce hébergement. Ku rubuta ta cikin kayenku.

Ka tabbata kana bukata tukuna

Kafin a yi zancen wane mai masauki, a fara tambaya: muna bukatar shafi yanzu? Ba kowace sana'a ke bukatarsa ba. In masu sayen kayanka mutanen kasuwar mako ne, suna ganinka ido da ido, shafi ba zai ƙara maka buhu ko ɗaya ba. In kuwa masu saye kaɗan ne a birni, kuma kana da lambobinsu, WhatsApp ya isa. Akwai ma irinsa na ƴan kasuwa, WhatsApp Business, inda ake jera hotunan kaya da farashi ba tare da biyan haya ba. Facebook ma haka.

Amma ku sani, wannan kamar shimfiɗa kaya ne a zauren wani. Mai zaure shi ke da doka. Yana iya rufe maka wurinka bai yi shawara da kai ba. Kuma zauren kansa yakan rufe: ran 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cik wajen awa 6 a duniya duka.

Shafi na kanku yana da amfani in ƙungiyarku tana neman masu saye na nesa da ba su san ku ba. Mai sayen kilishi da yawa, ko mai odar jakunkuna da takalman fata irin na Damagaram, yana son ya ga suna tsayayye da adireshi tsayayye kafin ya aiko da kuɗi. Kuma dole ku sami mutum guda da zai riƙa duba saƙonni kullum, yana gyara farashi. Kantin da ba mai tsaro, ko a kasuwar Maraɗi yake, ba ya ciniki.

Abu uku kake biya, ba ɗaya ba

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wanda ya zo muku zai ce: ku ba ni kaza in yi muku shafi. Cikin kuɗin nan akwai abubuwa uku, kuma kowanne daban yake.

Na farko, suna. Shi ne adireshin da mai saye zai rubuta. A Faransanci ana ce masa nom de domaine. Ƙarshen sunan yakan nuna inda aka yi masa rajista: .ne na Nijar ne, .ng na Najeriya ne, .com kuwa na kowa da kowa ne. Ba a sayen suna a mallake shi har abada. Hayarsa ake yi, shekara shekara.

Na biyu, masauki, wato wurin ajiya cikin kwamfutar kamfani. Shi ma haya ne, ta wata ko ta shekara.

Na uku, ladan magini, wato mutumin da ya tsara shafin, ya sa hotuna da rubutu. Wannan aikin hannu ne. Akan biya shi sau ɗaya, sai in an sake kiransa gyara.

Ku ce a rubuta muku kuɗin kowanne a layinsa. Wanda ya ƙi rarraba muku lissafi, akwai abin da yake ɓoyewa.

Suna ya zama naku

In za ku manta duk abin da na faɗa, kada ku manta wannan. Cikin ukun nan, suna ya fi kowanne daraja. Ana iya canza mai masauki. Ana iya canza magini. Amma suna shi ne abin da masu saye suka sani.

Na ga abin da ya sami wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa a yankinmu. Wani saurayi daga birni ya yi musu shafi mai kyau. Sun biya shi daga asusun ƙungiya. Suka sa aka buga musu takardun mannawa a kwalba, da adireshin shafin a jiki. Saurayin ba ɓarawo ba ne. Sai dai da sunansa da lambarsa da imel ɗinsa ya yi rajistar, don ya ga haka ya fi masa sauri. Kafin shekara ta zagayo ya tafi bida ƙasar waje, ya canza lamba. Da wa'adin haya ya kusa, kamfani ya aika da saƙon tuni. Wurinsa saƙon ya je. Matan ba su ji komai ba, sai ranar da wata mai saye ta yi waya ta ce shafin ba ya buɗewa. Suka nemi kamfanin, aka ce musu ba su ne masu sunan ba, ba za a yi magana da su ba. Takardun kwalba suka tashi a banza. Mai saye in ya rubuta adireshin, ba ya samun kowa.

Haka dokar take. In wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi ya tsaya. Akan ba da ƴan makonni na jinkiri, sau da yawa da tara a kai. In sun wuce, sunan ya koma kasuwa, kowa na iya ɗaukarsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, ranar rajista ku zauna tare da magini. Ku duba gurbin da aka rubuta titulaire ko propriétaire, wato mai abu. Sunan ƙungiyarku ne zai shiga nan, ba na magini ba, ba na ɗan shugaba ba. Lambar waya da imel su zama na ƙungiya. Kalmar sirri ita ce mabuɗin ɗaki. A rubuta ta a takarda, a sa cikin akwatin ƙungiya tare da littafin kuɗi. Mutum biyu su san ta, kamar shugaba da ma'aji. In wani cikinsu ya sauka daga muƙami, a canza ta. Ba rashin yarda ba ne. Mutum yana tafiya, yana ciwo, yana mutuwa. Ƙungiya ce ke zama.

Wane irin ɗaki?

Masauki iri-iri ne, kamar gidan haya. Akwai na tarayya: kwamfuta guda, shafuka masu yawa a ciki, kowa da kusurwarsa. A Faransanci mutualisé ake ce masa. Shi ya fi araha. Aibinsa shi ne, in maƙwabcinka ya tara baƙi da yawa, kai ma shafinka yakan yi nauyi. Akwai wanda ake yanka maka rabonka daban cikin kwamfutar, ba mai taɓa maka shi. Ana kiransa VPS, ya fi tsada, kuma yana son wanda ya iya kula da shi. Akwai kuma hayar kwamfuta sukutum, wannan ta manyan kamfanoni ce.

Ga ƙungiyar ƙauye ko mai sana'a guda, na tarayya ya isa. Mu yi lissafi. Mu ce hoton da salula ta ɗauka ya kai mega 3. Giga guda kuwa mega 1000 ne. Ke nan giga guda zai ɗauki hoto fiye da 300. Kayanku iri nawa ne? Goma? Ashirin? Kada a sayar muku da rumbun dami ɗari alhali dami biyar gare ku. In ciniki ya bunƙasa, ana iya ƙara wuri daga baya.

Akwai wata hanya kuma. Wasu kamfanoni, kamar Shopify na ƙasar Kanada, suna ba da kanti shiryayye, da masauki da kanta da komai, ana biya wata wata. Yana da sauƙin farawa, amma hayarsa ta fi ta ɗakin tarayya, kuma ranar tashi ba a ɗaukar ginin a tafi da shi. Maginai da yawa kuwa suna aiki da WordPress, wanda kyauta ne tun fitowarsa a 2003. Shafin da aka gina da shi ana iya kwashe shi a kai wani masauki. Ku tambayi magininku da me zai gina, kuma ko wani magini zai iya ci gaba da aikin in shi ba ya nan.

Kuɗin bana da kuɗin baɗi

Kamfanoni da yawa suna rubuta farashin shekarar farko da manyan baƙaƙe, na shekara ta biyu kuwa da ƙanana, can ƙasa. Kalmar da za ku nema ita ce renouvellement, wato sabuntawa. Ga darasin lissafi, ku yi shi a allo.

Yuro guda sefa 656 ne, in an cike. Mu ƙaddara wani kamfani ya ce yuro 3 a wata. A shekara yuro 36 ke nan. 36 sau 656 ya ba da sefa 23.616, wato jika 23 da ɗoriya. Mu ƙaddara kuma a ƙasan takarda an rubuta cewa sabuntawa yuro 9 ce a wata. A shekara yuro 108. 108 sau 656 ya ba da sefa 70.848, kusan jika 71. Kun ga ya ninka sau uku. Ƙungiyar da ta yi shirin jika 23 kawai, ina za ta samo sauran baɗi? Araha ba ta ado.

Sau da yawa kuma wannan farashi mai sauƙi sai ga wanda ya biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya. Ni shawarata, kada ku ɗaure kanku da mutumin da ba ku gwada ba. Ku biya shekara guda. Ku tambaya ko ana mayar da kuɗi in mutum ya fasa, kuma cikin kwana nawa. Ku tambaya ko haraji yana cikin farashin. Ku karɓi takardar shaidar biya da sunan ƙungiya.

In kun ga kalmar illimité, wato ba iyaka, ku yi murmushi ku ci gaba da karatu. Ba rumbun da ba shi da baki. Iyakar tana nan cikin sharuɗɗa.

In gobara ta tashi

Manomi ya san rumbu yana ƙonewa. Shi ya sa mai dabara ba ya tara irin shukarsa duka wuri guda. Ɗakin kwamfuta ma yana ƙonewa. Ran 10 ga Maris 2021, da dare, wuta ta kama a wurin ajiyar kamfanin OVH a birnin Strasbur na Faransa. Kamfanin nan yana cikin manyan masu masauki na Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya lalace. Ba a rasa rai ba, amma miliyoyin shafuka sun tsaya. Waɗanda suke da kwafin kayansu a wani wuri sun tashi cikin ƴan kwanaki. Wasu kuwa ba su da kwafi, ko kuma kwafin nasu yana nan wurin da wutar ta ci. Waɗannan sun rasa kayansu.

Ban kawo wannan don in ɓata sunan kowa ba. Na kawo shi don ku ga girman kamfani ba ya hana tsautsayi. Kalmar da za ku nema a nan ita ce sauvegarde, wato kwafin ajiya. Ku tambayi mai masauki: Sau nawa kuke yin kwafi, kullum ko mako mako? A gini guda kuke ajiye shi, ko a wani gari? In mun nema, kyauta za ku mayar mana, ko da kuɗi?

Kome ya amsa, ku ma ku riƙe naku. Hotunan kaya, rubutun shafi, sunayen masu saye da lambobinsu, a sa su cikin katin ajiya na salula ko ɗan makullin kwamfuta, a ajiye a akwatin ƙungiya. Lambobin manyan masu saye kuwa a rubuta su da biro cikin kaye. Kaye ba ya jiran rezo.

Ƙofa a buɗe take?

Kowane mai masauki zai yi alkawarin cewa ƙofarsa a buɗe take kusan kullum. Da lamba suke faɗa. Wani ya ce kashi 99 cikin 100. Wani ya ce 99,9. A ido kamar ɗaya ne. Mu lissafa. Shekara kwana 365 ce. Kashi ɗaya cikin ɗari nata ya fi kwana 3 da rabi. Ke nan mai 99 yana iya rufe muku kanti fiye da kwana uku a shekara, bai karya alkawari ba. Mai 99,9 kuwa abin da ya yarje wa kansa bai kai awa 9 ba. In rufewar ta faɗo a makon jajibirin salla, lokacin da ake neman kaya, kun san bambancin.

Amma ba kowace tsayawa ce laifin mai masauki ba. Wani lokaci hanya ce ta yanke. Ƙasarmu ba ta da teku. Intanet yana iso mana ta ƙasashen maƙwabta, su kuma daga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ran 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin nan sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka shiga wahalar intanet kwana da kwanaki. Don haka in shafinku ya ƙi buɗewa, ku gwada buɗe wani shafi tukuna. In duka sun ƙi, hanya ce. In naku kaɗai ya ƙi, ku kira mai masauki.

Gwajin da ya fi kowane alkawari shi ne wannan. Ku ce ya ba ku adireshin shafuka biyu ko uku da ke zaune wurinsa. Ku buɗe su da salularku, a ƙauyenku, da rezon da kuka saba fama da shi. Ku gwada da safe, ku gwada da dare. Gani ya kori ji. In da hali, ku kira masu shafukan ku tambaye su yadda zamansu yake, kamar yadda falke ke tambayar waɗanda suka riga shi.

Ku duba kuma farkon adireshin. In ya fara da https, da s a ƙarshe, saƙon da ke tsakanin mai saye da shafi a kulle yake tafiya, ba mai karanta shi a hanya. In babu s ɗin, salular mai saye takan gargaɗe shi cewa wurin ba shi da tsaro, shi kuwa sai ya gudu. Wannan kulle ana samunsa kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt, kuma masu masauki da yawa suna haɗa shi cikin haya. Wanda ya nemi kuɗi mai yawa a kansa, ku tambaye shi dalili.

Na gida ko na waje?

Wannan tambaya ba ta da amsa guda. Mai masauki na gida kuna iya zuwa ofishinsa. Kuna iya magana da shi da Hausa ko Zabarmanci. Kuna iya biyansa da sefa, hannu da hannu ko ta salula. In rigima ta tashi, hukumar ƙasarku ce za ta raba ku. Amma ku tambaye shi ina kwamfutocinsa suke. In a nan suke, me yake yi in an ɗauke wuta? In kuwa shi ma haya yake yi wurin wani kamfani a Turai yana sake ba ku, wannan ba laifi ba ne, dillanci sana'a ce. Sai dai ya faɗa muku gaskiya, kuma suna ya kasance naku.

Na waje sau da yawa manya ne, kayan aikinsu sun fi yawa. Amma yawancinsu da katin banki ake biyansu, da yuro ko dalar Amurka. In ƙungiyarku ba ta da kati, za ku dogara ga katin wani. Ranar da katin nan ya mutu, haya ta tsaya. Kuma maganarsu a rubuce take, da Faransanci ko Ingilishi.

Ko wanne kuke so, ku gwada shi kafin ku biya. Ku aika masa tambaya guda mai sauƙi, ku duba agogo. Wanda ya yi kwana uku bai amsa wa mai son ba shi kuɗi ba, yaya zai yi da wanda ya riga ya biya?

In kanti za ku buɗe, akwai ƙarin tambaya. Ta yaya mai saye zai biya ku? Mutanenmu da Airtel Money da Nita da Amana suka saba, ba da katin banki ba. Ba dole ne shafi ya karɓi kuɗi da kansa ba tun farko. Ya isa ya nuna kaya da farashi da lambar waya, a yi ciniki ta waya, a aika da kaya ta mota. A fara da abin da aka iya.

Ranar tashi

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda mutane ke jin nauyin yi. Ku yi ta tun ranar farko: in mun so tashi, yaya za a yi? Mai masauki na kirki zai ce muku kuna iya kwashe kayanku duk ranar da kuka so. Zai ce kuma akwai wata lambar sirri ta mayar da suna, wadda ake ba mai suna in zai koma wani kamfani, kuma zai ba ku ita. Wanda ya ɓata fuska don kun yi zancen tashi, kada ku sauka gidansa.

Wasu sukan raba ƙafa: su yi rajistar suna wurin kamfani guda, su kama masauki wurin wani. In sun ɓata da mai masauki, sai su juya sunan zuwa sabon wuri, mai saye bai ma san an yi ƙaura ba. Dabara ce mai kyau, in kuna da mai riƙe muku ranakun biya guda biyu.

Ƴan'uwa, kun lura duk abin da na lissafa ba aikin injiniya ba ne. Karanta suna ne a gurbi. Ninka lamba ne sau goma sha biyu. Rubuta ranar wa'adi ne cikin kaye. Duk wanda ya yi wata shida a aji yana iya wannan. Kalmomin Faransancin da na ba ku ba su da yawa. Ku kwafe su, ku riƙa neman su a takarda kamar yadda kuke neman sunanku a katin zaɓe. In takardar ta fi ƙarfinku, ku kai wa malaminku ku karanta tare, layi layi, kafin ma'aji ya buɗe akwati.

Ga aikin gida. A taron ƙungiya mai zuwa, wani ya karanta wannan da ƙarfi. In kuna da shafi tun da, ku binciko abu biyu a makon nan: sunan wa ke kan rajista, kuma wace rana haya za ta ƙare. Ku rubuta ranar a bangon littafin kuɗi, da jan biro, ku biya wata guda kafin ta zo. In kuna da tambaya, ko wani abu ya taɓa samun ƙungiyarku a kan wannan, ku rubuto wa jaridarku da hannunku, don na Tawa su ƙaru da na Damagaram.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya haɗa mu da masu amana. Amin.